Bawul ɗin kariya na tankin burtsatse yana yoyo: tambayoyi da amsoshi

A gidan da injin burtsatse ke tura ruwa cikin tankin matsi, wato tankin ƙarfe rufaffe mai iska a ciki, akwai wani ɗan bawul na tagulla da ake ɗaurawa a mahaɗar da ke gindin tankin, kusa da geji, wato agogon da ke nuna ƙarfin ruwa, da makunnin matsi mai kunna injin da kashe shi. Zai yi shekaru ba wanda ya waiwaye shi, sai ranar da aka ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashinsa. Ranar ce ake ɗora masa laifi, alhali sau da yawa shaida kawai yake bayarwa a kan wani abu da ya lalace a gefensa.

Mene ne aikin bawul ɗin, kuma kowace burtsatse tana da shi?

A cikinsa akwai sifirin da ke danne wata 'yar roba a kan baki. Muddin ƙarfin ruwa bai kai lambar da aka saita ba, sifirin ne ke rinjaye, bakin yana rufe. Da ya kai, ruwa ya ɗaga robar ya fita waje. Galibi lambar 75 ce a ma'aunin matsi da ake kira psi, wasu kuma 100, kuma a rubuce take a jikinsa ko a ɗan faifan ƙarfe da ke maƙale da shi. Ga mai geji na bar: bar 1 kusan psi 14.5 ne, don haka 75 ya ɗan haura bar 5, shi kuma 100 yana dab da bar 7.

Ba kowace burtsatse ke da shi ba. Yawancin gidaje a Kano ko Maraɗi sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiyar, shi ne ke zuba ruwa a tankin roba da ke kan ƙarfe a sama, idan ya cika ya yi ambaliya ta bututun gefe. Wannan tanki a buɗe yake, matsi ba ya taruwa a cikinsa. Maganar nan ta shafi gidan da ke da tankin matsi, ko sumo ne ke cika shi kai tsaye, ko kuwa injin ƙara ƙarfi ne ke jan ruwa daga babban tanki.

Na ga yana ɗiga. Me zan fara dubawa?

Ka goge shi da tsumma ya bushe, ka tsaya ka ga ta inda ruwan ke fitowa. Idan ta tiredin da aka ɗaura shi ne, matsalar ɗauri ce kawai, tef zai magance ta. A kula kuma, wani lokaci daga makunni ko gejin da ke sama ruwan ke gangarowa ya taru a jikin bawul.

Idan ta bakin fitar ruwa ne, sai ka buɗe famfo guda a gida, ka dawo gaban geji ka rubuta lamba uku: inda allura take lokacin da injin ya tashi, inda take lokacin da ya mutu bayan ka rufe famfon, da inda take lokacin da ɗigon ya fara. Makunnan da aka fi samu 20/40 ne, ko 30/50, ko 40/60. Ta farko lambar tashi, ta biyu lambar mutuwa, kuma akan rubuta su a cikin murfin makunnin.

Daga nan hanya ta rabu uku. Allura ta wuce lambar mutuwa tana ta hawa: laifin makunni ne. Allura tana tsalle sama da ƙasa cikin daƙiƙoƙi, injin yana tashi yana mutuwa: laifin tanki ne. Allura ta tsaya cak a 50 ko 60, amma ɗigon bai daina ba: nan ne kawai za a tuhumi bawul ɗin.

Ta yaya zan san gejin kansa ba ƙarya yake yi ba?

Kashe wutar injin, buɗe famfo har ruwa ya ƙare. Dole allura ta sauka zuwa sifili. Idan ta maƙale a 20 ko 30, ko kuma ba ta motsi sai an ƙwanƙwasa gilashin, gejin ya toshe ko ya mutu. Ba shi da tsada, tiredinsa rubu'in inci ne, a sayi mai kaiwa psi 100 ko sama a canza shi kafin a ci gaba. Duk binciken da aka yi da mataccen geji aikin banza ne.

Allura ta wuce 60 tana ta hawa, injin bai tsaya ba. Me ya faru?

Fara kashe bireka tukuna, sannan a yi bincike. Bawul ɗin aikinsa ya yi, kuma da ba ya nan da wani abu ya fashe.

Abin da ya fi jawo haka shi ne toshewar ɗan siririn bututun da makunni ke zaune a kansa. Faɗinsa rubu'in inci ne kacal, kuma ta nan ne makunnin ke jin ƙarfin ruwa. Tsatsa, laka da ɓurɓushin yashi sukan cika shi har ya zama kamar an zuba siminti. Makunni bai ji komai ba, ba zai yanke wuta ba, ko kuma ya yanke a makare bayan matsi ya riga ya kai 75. Wannan makarar alama ce mai nuna inda matsalar take: idan injin yana jinkirin tashi kuma yana jinkirin mutuwa, kusan tabbas bututun nan ne. A sauke ruwa, a cire wayoyi bayan an ɗauki hotonsu, a kwance makunnin, a zura waya ko ƙusa a ramin. Idan bututun baƙin ƙarfe ne, kada a tsaya gogewa, a sa na tagulla. A duba ramin da ke ƙasan makunnin ma, shi ma yakan cika.

Na biyu, bakunan ƙarfen da ke haɗa wuta a cikin makunnin sun narke sun manne da juna. Tartsatsin da ke tashi duk lokacin da suka haɗu ko suka rabu ne ke cinye su a hankali, kuma abin ya fi sauri a inda wuta ke rawa ko janareto ya yi wa injin kaɗan. Bayan an tabbatar da testa cewa babu wuta, a buɗe murfi a duba. Idan sun yi baƙi, sun yi gyambo, ko ba sa rabuwa, a canza makunnin gaba ɗaya. Gogewa da takardar yashi dabarar kwana biyu ce. A babban injin da makunni ke tayar da kontakta, wato babban makunnin da ke ba injin wuta, ita ma kontaktar takan manne, makunni ya saki amma wuta tana wucewa.

Na uku, wani ya taɓa saitin don ruwan wanka ya ƙara ƙarfi. A makunnin Square D da ire-irensa akwai noti biyu a kan sifirin biyu. Babban yana ɗaga lambobin biyu tare idan an ɗaure shi, zagaye ɗaya kamar psi 2 zuwa 3. Ƙaramin kuwa lambar mutuwa kaɗai yake ɗagawa. Wanda ya kai saiti 50/70 a kan bawul mai 75 ya sayi yoyo da kuɗinsa, domin irin waɗannan bawul sukan fara tsattsafo tun kafin a kai lambarsu. A bar tazarar psi 15 ko kusa da haka tsakanin lambar mutuwa da lambar bawul. A sassauta notin da aka ɗaure zagaye ɗaya, a mayar da murfi, a kunna a duba geji, a maimaita har a dawo 60.

Injin yana tashi yana mutuwa a kai a kai, bawul yana tofar da ruwa duk lokacin. Shi kuma fa?

Tankin ya rasa iskarsa. Ruwa ba ya matsuwa, iska ce ke matsuwa, ita ce katifar da ke shanye bugun injin. A cikin tankin zamani akwai bilada ta roba, irin ta cikin ƙwallo amma mai kauri, da ke raba ruwa da iska. Idan ta yage, ko iskar ta sulale ta bawul ɗin sama, ruwa ya cika tankin maƙil. Injin na tashi, allura ta yi tsalle daga 40 zuwa sama da 70 cikin ƙiftawar ido, kafin makunni ya yanke bawul ya riga ya tofa.

Gwajin ba wuya. A saman tankin, ƙarƙashin wata 'yar hula, akwai bawul irin na tayar mota. Danna tsinkensa. Idan ruwa ya fito, bilada ta yage, ba sauran magana. Idan iska ce ta fito, ko ba abin da ya fito, sai a auna. Ƙwanƙwasa jikin tanki ma yana taimakawa: sama ya kamata ya yi amo kamar fanko, ƙasa ya yi ƙarar abu mai nauyi.

Ga ma'aunin da za a riƙe. A saitin 40/60, tanki mai lafiya yana ba da kusan rubu'in girmansa kafin injin ya sake tashi: mai lita 100 ya ba da kamar lita 25, ɗan ƙaramin nan mai lita 24 ya ba da kamar 6. Tara bokiti ka gani. Idan kofi biyu ka samu injin ya tashi, ka san inda matsalar take. Kuma wannan tashi da mutuwa ya fi yoyon haɗari, don shi ke ƙona sumo. Ana so ƙaramin injin ya yi aƙalla minti guda yana aiki duk lokacin da ya tashi.

Nawa ne iskar da ya kamata tankin ya riƙe, kuma yaya ake ƙara ta?

Psi 2 ƙasa da lambar tashi: 28 ga makunnin 30/50, 38 ga na 40/60. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne aunawa alhali tankin na da ruwa. A haka ƙarfin ruwan kake karantawa, ba na iska ba.

A kashe wuta. A buɗe famfo mafi kusa har ruwa ya tsaya gaba ɗaya, a bar shi a buɗe. A ɗora gejin taya a karanta. A ƙara da famfon keke ko kwamfaresar mai faci, kaɗan-kaɗan ana aunawa. A jira minti 15 a sake aunawa. Idan ta ragu, ko kuma ana jin iska tana fita ta famfon da aka bari a buɗe, bilada ta huje. A shafa ruwan sabulu a bakin bawul ɗin taya, idan ya yi kumfa tsinkensa ne kawai, mai faci zai canza shi. Wasu tankuna ana kwance faifan gindinsu a sa sabuwar bilada, wasu kuwa a rufe suke, sai dai sabon tanki.

Geji daidai, tanki lafiya, amma ɗigon yana nan. Ana wanke bawul ɗin?

Ana gwadawa. Yawanci ya taɓa buɗewa sau ɗaya, ƙwayar yashi ta zauna tsakanin roba da baki, ta hana shi rufuwa. Idan yana da ɗan hannu ko zobe, a ja shi na daƙiƙa biyar injin na aiki, ruwa ya wanke bakin, a sake shi ya koma da ƙarfi. Sau biyu ko uku ya isa. Yawancin na burtsatse ba su da hannu, sai an cire. A jiƙa shi cikin ruwan khal na 'yan awanni idan farin dutsen nan na ruwa mai gishiri-gishiri ya kama shi, a ɗauraye.

Gaskiyar magana, bawul ɗin da ya haura shekara biyar kuma ya fara yoyo bai cancanci wahalar ba. Robar ta taurare, yashi ya zana bakin tagullar, sifirin ya ci tsatsa. Ko ya daina yau, ba ka san a wace lamba zai buɗe gobe ba.

Ba zan iya cire shi in toshe ramin ba kawai?

A'a. Ka duba abin da aka rubuta a jikin sumonka. Wanda ke iya tura ruwa mita 120, idan ruwan rijiyar yana mita 30 daga sama, saura mita 90 ke nan na ƙarfi da zai tara a tankinka in makunni ya manne. Kowace mita 10 kusan psi 14 ce, jimla ta haura 125. Tankuna da yawa iyakarsu 100 ne ko 125 ko 150, kuma wannan lambar ta sabon tanki ce, ba wanda gindinsa ya ci tsatsa ba. Tanki mai matsattsiyar iska ba tsagewa yake yi a hankali ba, tarwatsewa yake yi. Ko bai fashe ba, sumon da ke juyawa ruwa ba ya tafiya zai dafa kansa, ya narkar da bututun roba da ke riƙe da shi a cikin rijiya.

Haka nan ba a sa makulli tsakanin bawul ɗin da tanki, ba a kuma ɗaura hula a bakin fitar ruwansa.

To in ƙara ɗaure sukurun da ke kansa, ko in sayi mai 100?

Sukurun yana ƙara danne sifirin, ɗigon ya tsaya, amma daga nan ba wanda ya san lambar da zai buɗe. Wanda ba shi da hanyar gwada shi da geji ya bar shi yadda ya zo. Mai 100 kuwa halal ne idan da gangan aka ɗaga saiti, kamar gidan bene da ke bukatar 50/70, da sharaɗin tanki, filta, hita da bututu duk an rubuta suna ɗaukar 100 ko fiye. Kwanon filta na roba shi ne yakan fara tsagewa.

Yaya ake canza shi?

Kashe bireka, kuma a gidan da ke da wutar gwamnati da janareto da inbata a tabbatar an yanke layin injin kansa. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne, tana iya dawowa hannunka na kan mahaɗa. Rufe makullin da ke kai ruwa cikin gida, don kada ruwan bututun bene da na hita ya dawo kanka. Buɗe ɗan famfon da ke mahaɗar tanki har geji ya nuna sifili.

A yi aiki da sifana biyu, ɗaya ta riƙe mahaɗa ɗaya ta kwance bawul. Da guda ɗaya ake karya mahaɗa ko a tsinke bututun makunni. Leƙa cikin ramin, a kankare tsohon tef da tsatsa. Tunda an riga an sauke ruwa, wannan ne lokacin duba bututun makunni da iskar tanki.

Naɗa tef ɗin tiredi zagaye huɗu ko biyar a sabon, ta hannun agogo idan bakinsa yana kallonka, ka bar layin farko tsirara. Guntun tef da ya leƙa ciki yakan yanke ya zauna a kan robar, sabon bawul ya kama yoyo tun ranar farko. Ɗaura da hannu har ya tsaya, ƙara zagaye ɗaya zuwa biyu da sifana, a kama wurin da aka yi wa kusurwa don sifana, bakin fitar ruwa ya kalli ƙasa. Idan ka wuce, kada ka dawo baya, cire ka sake tef. Rufe famfon mahaɗa, kunna wuta, tsaya a gaban geji har injin ya mutu, sannan a buɗe makullin gida a hankali. A kalli tashi da mutuwa sau uku kafin a tattara kaya.

Wane iri zan saya? Na hita zai yi?

Tafi kasuwa da tsohon a hannu. Ana bukatar girman tiredi iri ɗaya, rabin inci ko inci uku bisa huɗu, da lamba iri ɗaya, kuma ya iya fitar da duk ruwan da injin ke turowa. Ƙaramin bawul a kan babban sumo zai buɗe, amma matsi ya ci gaba da hawa. Idan ramin mahaɗa ya ba da dama, uku bisa huɗu ya fi kwanciyar hankali.

Na hita ba zai yi ba. Irin na Amurka mai dogon tsinke yana buɗewa ne a psi 150 ko zafin digiri 99, wato bayan tankinka ya riga ya shiga uku. Ƙananan da ke zuwa da hitar bango su ma sukan kai bar 7 ko 8, kuma raminsu ɗan mitsitsi ne, an yi su ne don ɗigo. A kuma lura da wani bawul mai kama da suna, wanda ke rage ƙarfin ruwan da ke wucewa ta cikinsa. Shi ba ya zubar da komai waje, ba kuma ya kare tanki.

Na sa sabo, shi ma yana yoyo.

Ko dai tun farko ba laifin tsohon ba ne, a koma kan geji, ko kuwa wurin da aka ɗaura shi ne. Bawul, makunni, geji da tanki su kasance a wuri ɗaya, ba komai a tsakaninsu. Idan aka sa filta tsakanin bawul da makunni, ranar da ta toshe bawul zai ga 80 makunni yana ganin 45. Idan bawul yana bakin rijiya a gangare, tanki yana kan tudu ko saman bene da tazarar mita 10, bawul yana ɗauke da ƙarin psi 14 a kan abin da geji ke nunawa, 60 ta zama 74. Idan kuma akwai bawul mai daidaita ƙarfi tsakanin sumo da tanki, na kariya bayansa yake zama, ta ɓangaren tanki.

Injina ba shi da makunni mai sifirin, akwatin otomatik ne a kansa. Lissafin ɗaya ne?

Ya bambanta, kuma nan ake yawan ruɗewa. Yawancin waɗannan akwatuna suna tayar da injin idan matsi ya sauka, amma ba sa kashe shi don matsi ya kai wata lamba. Sai sun ji ruwa ya daina tafiya suke kashewa. Ke nan duk lokacin da aka rufe famfo, injin zai kai iyakar ƙarfinsa. Idan iyakar ta haura 75, bawul ya buɗe, akwatin ya ji ruwa na tafiya, ya ƙi kashe injin, su yi ta yi har gari ya waye. Ba abin da ya lalace, haɗin ne bai dace ba. Ko a koma makunni mai sifirin da tanki, ko a sa bawul mai rage ƙarfi bayan injin, ko a nemi injin da iyakarsa ba ta kai lambar ba.

Ba ya yoyo sai an kunna hita, ko da tsakar rana.

Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. A ƙa'ida tankin matsi ne ke shanye wannan ƙari. Idan tankin ya rasa iska, ba inda ƙarin zai je sai ta bawul. A fara da gwajin iska. Idan akwai bawul mai hana ruwa komawa a bakin hita, to na hitar ne zai ɗiga, kuma ɗan ɗigo lokacin da take ɗumama ruwa ba laifi ba ne. Tanki da bututun da rana ke duka su ma sukan ƙara 'yan lambobi. A yi musu rumfa.

Ɗigo ne kaɗan. Zan iya barinsa zuwa wani lokaci?

Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana cika jarkar lita 20 a kwana guda. Ruwan ba shi ne abin ji ba. Injin zai riƙa tashi da dare ba mai amfani da ruwa, danshi zai ci gindin tanki, kuma ma'adinin da ke bushewa a bakin bawul yana iya manne shi har ya ƙi buɗewa ranar da ake bukatarsa. Idan geji ya nuna injin na mutuwa a inda ya dace, mako guda ba zai kawo ɓarna ba. Idan ba ya mutuwa, a riƙa kunnawa da kashewa da hannu ana tsaye a wurin, har a gyara.

Ina ya kamata ruwan da yake fitarwa ya zuba?

A ɗaura masa bututu mai faɗin bakinsa, kada a rage, ya gangara ƙasa ba tare da makulli ba, nesa da makunni da akwatin wuta. Ƙarshensa ya tsaya kamar santimita 15 sama da ƙasa ko magudana, a inda ido ke gani. Kada a tura shi cikin kwata ko a binne shi, don ruwan datti na iya komawa ta nan, kuma yoyon zai yi wata da watanni ba a sani ba. Inda zanzaro ke gina ɗaki a ramuka, a riƙa leƙa bakin bututun duk bayan 'yan watanni.